Waken suya ya yi ɗorawa a Zagga: tona saiwa kafin ka sayi yuriya

Tambayar wannan makon daga ƙasar Zagga ta fito, a ƙaramar hukumar Bagudo. Mai tambayar ya shuka waken suya a jigawa a ƙarshen watan Yuni. Tsiro ya fito lafiya, ya yi noman firi, sai ana cikin sati na biyar ya ga kan wasu tsirrai ya koma ruwan ɗorawa, wani ma har fari-fari, alhali ganyen ƙasa kore ne shar. Mai shagon taki ya ce masa yunwa ce, ya sayi yuriya. Maƙwabcinsa ya ce cuta ce, ya yi feshi. Ɗansa da ke karatun aikin gona kuma ya ce ƙwayoyin da ke cikin gudajin saiwar waken ne da kansu suke fitar da dafi. Shi ne yake so ya san wa zai bi.

Malam, kada ka bi kowa tukuna. Duk su ukun ganye suka kalla suka yanke hukunci, shari'ar waken suya kuwa a ƙarƙashin ƙasa ake yin ta. Ka bar kuɗinka a aljihu na kwana goma. Ka nemi fartanya da bokitin ruwa da reza da ɗan jan zare, ka tafi gonar da sassafe. Amma kafin nan bari mu wanke ɗan naka, don bai yi ƙarya ba.

A tsakiyar shekarun 1950 masanan aikin gona a kudu maso gabashin Amurka suka fara ba da rahoton wani abu mai ɗaure kai. Waken suya, musamman wani iri mai suna Lee, yana yin ɗorawa a sabon ganye a gonaki masu yashi, kuma ba ƙwaro, ba tsatsa, ba rashin taki. Da aka bi diddigi sai aka tarar aikin ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune cikin gudajin saiwa ne, waɗanda kowa ya sani da alheri. A 1965 Lowell Owens da abokin aikinsa, a cibiyar binciken ma'aikatar gona ta Amurka da ke Beltsville, suka ciro sinadarin daga cikin gudajin da kuma ganyen da ya koɗe. Aka sa masa suna raizobitoksin, aka gano yadda gininsa yake a 1972. Daga baya, a 1992, aka ware dangin ƙwayoyin da ake samun wannan hali a cikinsu aka ba su suna nasu na kansu, Bradyrhizobium elkanii, don a bambanta su da Bradyrhizobium japonicum da aka daɗe ana alaƙantawa da waken suya. To ka ga maganar tana da tushe.

Yadda zaman yake shi ne, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wato ainihin abin da kake biyan kuɗinsa a buhun yuriya. Masara da dawa da shinkafa ba sa iya cin ta daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya su ma ba da kansu suke iyawa ba, sai dai sun ɗauki ɗan haya. Ƙwayar bakteriya ta shiga ta gashin saiwa, tsiro ya gina mata ɗaki, wato gudajin nan, ya riƙa aika mata sukari daga ganye, ita kuma ta biya kuɗin haya da takin da ta tatso daga iska. Mai gida ba ya buɗe ƙofa ga kowa ba iyaka, don kowane ɗaki yana cin abinci. Cikin abin da yake taƙaita yawan gudajin da shi akwai iskar etilin, wadda ita ce dai ke nunar da mangwaro da ayaba. Dafin nan da muke magana a kai yana toshe hanyar da tsiro ke ƙera etilin. A wasu 'yan'uwan wake an gwada an gani: ƙwayar da ke da dafin ta fi samun ɗakuna, ta kuma kere abokan takararta. A jikin waken suya kuwa dabarar ba ta cika yi mata rana ba, illar ce ke fitowa fili. Dafin yakan bar gudaji ya hau sama tare da ruwan tsiro, ya tare a ganyen da ke kan buɗewa, ya tsayar da ƙera wani sinadarin gina jiki da ake kira metayonin, kuma da wannan masana ke danganta ɗorawar. Ganyen da ya riga ya ƙosa ba ruwansa. Jaririn ganye ne ke shan wuya.

(Abin mamaki, ƙwayar cutar nan da ke ja wa ganyen dawa jajayen layuka dogaye ita ma tana ƙera wannan sinadari. Wani ɗan'uwansa na kusa kuma a shago ake sayar da shi a Amurka, masu lambun tuffa suna fesawa don kada 'ya'yan su zube kafin lokaci.)

Me ya kawo wannan magana ƙasar Bagudo, bakin iyakar Benin? Irin da muke shukawa ne. Irin waken suya na Amurka ba ya shiri sai da ƙwayoyinsa na musamman, waɗanda babu su a yawancin ƙasarmu. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1970 cibiyar IITA ta Ibadan ta ɗauki wata hanya: ta haɗa aure tsakanin irin Amurka da wasu na Asiya marasa zaɓe, ta fitar da jerin da ake kira TGx, irin su TGx 1448-2E da TGx 1835-10E da TGx 1904-6F da TGx 1951-3F. Waɗannan suna karɓar ƙwayoyin da suka tarar a ƙasa, irin waɗanda ke zama da wake da gyaɗa tun kaka da kakanni. Wannan babbar nasara ce, don ita ta sa talaka ya iya noman waken suya ba tare da ya sayi komai ya shafa wa iri ba. Sai dai wanda ba ya zaɓe, komai ya samu shi ne nasa. Cikin ƙwayoyin gida akwai masu ƙwazo, akwai ragwaye da ke cin sukari ba sa biyan komai, kuma binciken da aka yi kan waɗanda ke shiga saiwar TGx a ƙasashen Afirka ya nuna wasunsu dangin elkanii ne. Saboda haka ba abin da zai hana a ga wannan ɗorawa a jigawar Zagga ko Kaoje ko Illo. Duk da haka, a jerin waɗanda zan zarga idan gona ta koɗe a ƙasar Bagudo, dafin nan shi ne na ƙarshe. Akwai masu laifi da yawa a gabansa, kuma kowannensu yana da tambarinsa.

Yanzu sai gona. Zaɓi tsiro biyar masu ɗorawa da biyar masu kore da ke kusa da su. Kada ka fizge da hannu. Idan ka fizge, gudajin za su tsinke su zauna cikin ƙasa, ka koma gida kana cewa wakenka ba shi da ko ɗaya. Sara fartanya tazarar tafin hannu daga gindi, ka ɗago tsiron da ƙasarsa gaba ɗaya, ka tsoma cikin bokiti, ka riƙa motsawa a hankali har ƙasar ta saki. Ɗago ka duba. A sati na biyar ya kamata ka ga gudaji sun yi cincirindo a saman uwar saiwa, kusa da inda ƙasa ta tsaya, girmansu daga ƙwayar dawa zuwa ta wake. Idan sun kai goma ko fiye, madalla. Taɓa ɗaya da farce: gudan kirki a gefen saiwa yake maƙale, yana ɓallewa da sauƙi ya bar saiwar lafiya. Idan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi ƙullutu, ba ya ɓalluwa sai ka karya ta, wannan ba guda ba ne, aikin tsutsar saiwa ne, irin wadda masu tumatur da kuɓewa suka sani, kuma ita ma tana son yashi.

Sai ka ɗauki reza ka raba manyan gudajin biyu. A nan amsar take. Ciki ja ko ruwan hoda, jiƙe, yana nufin ana aiki, taki na shiga. Fari ko toka-toka yana nufin ko dai bai fara ba don ƙuruciya, ko kuwa rago ne. Kore ko ruwan ƙasa mai laushi, wani har da wari, ya tsufa ko ya mutu. Yanka kamar biyar a kowane tsiro, kada ka tsaya a ɗaya.

Ga inda dafin ke bambanta da saura. Tsiron da ya kamu da shi gudajinsa ba su da laifi a ido: suna da yawa, cikinsu ja. Ganyen ƙasa kore. Ganye ɗaya ko biyu ko uku na can sama ne suka koɗe, wani lokaci har kusan fari. Ba duk gona ba ce. Tsiro nan, tsiro can, ko 'yan kaɗan a jere, maƙwabcinsu na kunya ɗaya lafiya lau, don kowane tsiro da ƙwayoyin da suka riga shiga saiwarsa. Yakan zo ne bayan gudaji sun fara aiki, kafin fure ya kankama. Babbar shaidarsa kuma ita ce wucewa. Nan zaren zai yi amfani. Zaɓi tsiro goma masu ɗorawa, ka ɗaura jan zare sako-sako a sandar kowanne, daidai saman ganyen ƙarshe da ya koɗe. Ka dawo bayan kwana goma. Idan ganyen da suka fito a saman zaren kore ne, magana ta ƙare. Babu maganin feshi da ke kai wa ga abin da ake ƙerawa cikin saiwa, babu kuma buƙatarsa. Gaskiya ne a gwajin da aka yi a Amurka, inda aka cika saiwar iri mai rauni da irin waɗannan ƙwayoyi da gangan, amfanin gona ya ragu. Amma tsiro ɗaiɗai a gonar da sauranta ke kore ba zai taɓa maka buhu ba yadda kuɗin yuriya zai taɓa maka aljihu.

Wanda ya fi kama da shi, kuma wanda na fi zato a jigawa irin taka, shi ne ƙarancin salfa, wato farar wuta. Ƙasarmu ta tudu da aka daɗe ana nomawa ana ƙone karan, ba taki ba juji, tana yawan rasa shi. Shi ma sabon ganye yake fara koɗar da shi. Bambancin: yana kama fili mai faɗi ne, ba tsiro ɗaiɗai ba, tsirran sirara ne, ganye ƙanana, ɗorawar ba ta kai fari, kuma ba ta wucewa da kanta, sabon ganye ya fito shi ma a koɗe. Yuriya ba ta da salfa ko kaɗan. Supa ce ke da ita, wajen kashi 11 zuwa 12 cikin 100, bayan fosforas ɗin da aka san ta da shi. Manoma da yawa suna ganin supa ba ta da ƙarfi don ba ta sa ganye ya yi duhu cikin kwana uku. Ga waken suya kuwa ita ce uwar taki.

Ƙarancin sinadarin ƙarfe shi ma a sama yake fitowa, amma yana da zane: tsakanin jijiyoyi ya yi ɗorawa, jijiyoyin su tsaya kore. Nemi shi inda aka taɓa tara toka, ko tsohon suri da aka baje, ko inda ƙasa ke da farin kanwa-kanwa. Yunwar naitirojin ta gaskiya, wadda mai shago ke nufi, daga ƙasa take hawa: tsofaffin ganye ne ke fara koɗewa, gona duka ta yi fayau, ka tona ka tarar ba gudaji ko kuwa farare ne. Idan bakin tsohon ganye ne ya yi ɗorawa sannan ya ƙone, fotash ne ya yi kaɗan. Idan ganye ya yi dabbare-dabbare yana tattarewa, cutar da ƙwari ke yaɗawa ce ko wadda ta zo cikin iri. Tumɓuke irin wannan ka fitar da shi daga gona. Akwai kuma wata 'yar ɗorawa da ba cuta ba ce sam: wajen sati biyu zuwa uku bayan tsiro, guzurin da ke cikin ƙwayar iri ya ƙare, gudaji ba su gama kama aiki ba, sai gona ta ɗan yi haske na 'yan kwanaki. Wanda ya yi gaggawar watsa yuriya a wannan gaɓa ya yi wa kansa, domin tsiron da ya samu taki a sama ba ya wahalar da kansa wajen gina gudaji, waɗanda ya gina ma sai su yi sanyi. Ka saya da kuɗi abin da za a ba ka kyauta, sannan ka kori mai ba ka.

Abu biyu kuma na musamman ga mutanen bakin kogin Neja. Na farko ruwa. Waken suya ba shinkafa ba ne. Gudaji suna numfashi, idan ruwa ya kwanta a gindi kwana uku ko huɗu a lokacin marka, sai su shaƙe, tsiro ya koɗe daga ƙasa har sama. Tona ka gani, za ka tarar da su sun yi laushi sun yi duhu. Maganin wannan ba a shago yake ba: buɗe wa ruwa hanya, baɗi kuma ka ɗaga kunya ko ka bar wa shinkafa wurinta. Na biyu injin feshi. A ƙasar da kusan kowa ke da fadamar shinkafa da gonar masara, famfo ɗaya ne ke zagaya gonaki uku, wani lokaci gidaje uku. Maganin ciyawar shinkafa irin 2,4-D, ko ɗan abin da ya rage a tiyo, yana murɗe sabon ganyen waken suya ya lanƙwashe shi. Atrazine da aka zuba wa masara yana iya saura a ƙasa ko a tanki, ya koɗar da ganyen ƙasa daga baki ya ƙone shi. Alamar ɓarnar feshi ita ce tana bin sawun mai feshi: kunyoyin da aka fara da su sun fi shan kashi, abin yana raguwa yayin da aka sake cika tanki. Tambayi yaran da suka yi maka feshi daga wace gona famfon ya fito. Ka tambaya da murmushi, in ba haka ba ba za ka ji gaskiya ba.

Idan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka yi gwaji da gona duka. Ware kunya uku a inda ɗorawar ta fi yawa. Ɗaya ka binne mata 'yar supa a gefe, ɗaya 'yar yuriya, ɗaya ka bar ta haka nan, ka kafa kara a bakin kowace don kada ka rikice. Gani ya kori ji. Wuri ɗaya kawai na yarda a ba waken suya yuriya da gaske: an kai bakin fure, an tona an tarar ba gudaji ko ba ja a cikinsu, tsiro kuma ya koɗe tun daga ƙasa. A nan buhu ɗaya zuwa biyu a hekta, a binne cikin danshi, zai ceci wani abu. Wannan ceto ne na bana, ba tsarin noma ba.

Tsarin noma na baɗi ne, kuma a nan nake so ka kashe kuɗin da ka ajiye. Hanyar da za ka rage wa kanka caca da ƙwayoyin da ka tarar a ƙasa, ragwayensu da masu dafinsu, ita ce ka kawo naka zaɓaɓɓu ka ɗora su a jikin iri, su riga kowa isa saiwa. Shi ne baƙin garin nan da ake kira inokulan. Wanda IITA ke yi a Ibadan sunansa NoduMax, kuma ƙwayar da ke cikinsa, USDA 110, ba ta cikin masu ƙera dafin. A tsallaken iyaka ma Jami'ar Abomey-Calavi tana yin nata don manoman Benin. Shirin N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta Holan ta jagoranta tare da IITA daga 2009 zuwa 2019, ya gwada abin a gonakin manoma a jihohin Kano da Kaduna a daminar 2011 da 2012. A matsakaici, inokulan kaɗai ya ƙara kusan kilo 450 a hekta, takin fosforas kaɗai shi ma kusan haka, su biyun a haɗe kuma sama da kilo 750. Matsakaici ne fa. Akwai gonakin da suka fi haka nesa, akwai waɗanda ba su motsa ba. Amma idan ka auna kuɗin ƙunshi ɗaya da kuɗin buhun taki, ban san wani abu a noman waken suya da ke mayar da riba kamarsa ba. Gonar da ba ta taɓa ganin waken suya ba ita ta fi buƙata.

Sai dai abu ne mai rai, kuma a nan mutane ke faɗuwa. Ƙunshin da ya kwana uku a kan tebur a rana a kasuwa, ko ya yi tafiya cikin akwatin babur tun daga Birnin Kebbi da tsakar rana, gawa ka saya. Duba ranar ƙarewar aikinsa. A gida ka ajiye shi inda ya fi sanyi, ko da gindin randa ne, kada ka buɗe sai ranar shuka. Ranar, ka zauna a inuwa da roba mai faɗi. Ƙa'idar da aka saba ita ce giram 100 ga kilo 10 na iri, amma abin da aka rubuta a jikin ƙunshin shi ne gaba. Jiƙa ɗan ƙaro a ruwa mai ɗumi ka bari ya huce, in babu ƙaro ruwan sukari ya isa. Yayyafa kaɗan a kan irin ka juya har kowace ƙwaya ta yi sheƙi, ba ta jiƙe sharkaf ba, don fatar waken suya ba ta da wuyar saɓulewa. Sannan ka barbaɗa garin ka ci gaba da juyawa a hankali har irin ya yi baƙi-baƙi bai ɗaya. Baza shi a kan buhu a inuwa na ɗan lokaci ya sha iska. Shafa iya abin da za a shuka a ranar, a ƙasa mai danshi, a rufe rami nan take. Kada ka cuɗa shi da taki, kada kuma ka haɗa shi da maganin gyaran iri sai ka tambayi malamin gona, don wasu magungunan suna kashe ƙwayoyin. Supa buhu 3 zuwa 4 a hekta, a lokacin shuka, a gefen layi, ba a kan iri ba.

Ba na ce inokulan zai kori ƙwayoyin gida gaba ɗaya ba. Suna da yawa, sun kuma san ƙasar. Ba na kuma so ka ɗauki elkanii a matsayin abokin gaba. Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken suya a yau, tana nomansa a miliyoyin hekta kusan ba tare da takin naitirojin ba, sai inokulan, kuma cikin ƙwayoyi huɗu da hukuma ta amince a yi amfani da su can, biyu, SEMIA 587 da SEMIA 5019, dangin elkanii ne. Kan irin wannan aiki aka ba Mariangela Hungria ta cibiyar Embrapa babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025. Waken da aka noma da su shekara da shekaru duniya ke ci, mutum da kaza. Don haka uwargida ta yi awararta da daddawarta hankali kwance. Abin da waken suya ke buƙata kafin a ci shi ne dahuwa sosai da ajiya inda ba zai yi fumfuna ba, kamar kullum.

Saura iri. Tunda karɓar dafin nan ya danganta da irin da aka shuka, wani ya koɗe wani ko a jikinsa, sanin sunan abin da ka shuka rabin magani ne. A kasuwannin iyaka irin su Tsamiya da Lolo wake yana shigowa yana fita tsakaninmu da Segbana da sauran garuruwan Alibori na Benin, mudu ɗaya kan haɗa iri uku, ba wanda zai iya gaya maka sunan ko ɗaya. Na ci ne, ba na shuka ba. Ga shi kuma waken suya ba ya jure zafin ajiya. Wanda ya wuce shekara a shago rabinsa ba zai tsiro ba. Nemi iri mai suna a leda mai tambari, daga kamfanin iri ko ta hannun malaman gona na hukumar KARDA, kuma ga damina irin ta Bagudo ka fi karkata ga mai saurin nuna kamar TGx 1835-10E idan shuka ta yi latti. Ko wanne ka samu, ƙirga ƙwaya 100 ka shuka a gefen gida sati ɗaya kafin ranar shuka, ka ga nawa za su fito. In za ka iya, shuka iri biyu gefe da gefe, ka rubuta sunayensu a takarda ka ajiye. Idan ɗorawar sama ta dawo a ɗaya ta bar ɗaya a ƙasa iri ɗaya, ka san wanda za ka sallama.

Idan kuwa ka koma bayan kwana goman nan ka tarar ganyen da ke saman zare shi ma ya koɗe, to ba dafin gudaji ba ne, kuma kada ka tsaya zato. Tono tsiro uku da saiwarsu da ƙasarsu, haɗa da ɗaya mai lafiya, naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, ba baƙar leda ba, ka kai wa malamin gona a ranar. Ka faɗa masa abin da aka shuka a gonar bara, da maganin ciyawar da aka zuba, da ranar da ruwa ya kwanta idan ya kwanta. Da waɗannan zai iya gaya maka abin da za ka saya, in ma akwai abin saye.